Rayuwa da Hotunan Bibiya Bayan Maganin Ciwon Daji: Jagora Mataki-Mataki

Ranar da aka cire wa mai ciwon daji kanular kemo ta ƙarshe, wato maganin dajin da ake ɗurawa ta jijiya, ko aka ce masa ya cika kwanakin gashin da ake yi wa ciwon da hasken na'ura, gida yakan cika da masu barka da arziki. Ana ta cewa Allah Ya sa kaffara ce, Allah Ya kiyaye gaba, wasu ma har su yi yanka su raba sadaka. Sai dai a cikin jakar wanda ake yi wa barkar akwai wata 'yar takarda da likita ya rubuta kafin sallama, wadda ke cewa ya dawo bayan wata uku, ya kuma zo da sakamakon gwajin jini da na hoto. Daga ranar rayuwarsa takan koma kan wani sabon lissafi wanda 'yan uwa ba su cika gani ba, domin su a wurinsu an gama, shi kuwa ya san cewa duk bayan 'yan watanni zai sake kwanciya a cikin na'ura, ya riƙe numfashi, sannan ya koma gida ya jira abin da za a ce masa.

Dalilin bibiyar yana da sauƙin fahimta. Tiyata da kemo da gashi suna kawar da abin da ake gani da mafi yawan wanda ba a gani, amma babu na'urar da ke iya hango ƙwayar halitta guda ɗaya, kuma ƙullin da bai wuce santimita ɗaya ba yana ɗauke da miliyoyi masu yawa na irin waɗannan ƙwayoyi. Saboda haka likita yana sa ido ne a kan abu uku: dawowar ciwon da aka yi magani, ɓullar wani sabo a wani wuri, da kuma illar da maganin kansa ya bari a zuciya ko ƙashi ko ƙoda. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, hoto ɗaya ba ya faɗin komai sosai sai an ajiye shi kusa da wanda ya gabace shi, kuma a irin yanayin asibitocinmu, inda fayil kan ɓace, likita kan sauya wurin aiki, na'ura kan tsaya, babu wanda zai riƙe wannan zare daga farko har ƙarshe in ba ku ba.

Mataki na farko: a karɓi jadawalin bibiya a rubuce

Kafin ku bar hannun likitan da ya yi muku magani, ku roƙe shi ya rubuta muku taƙaitaccen bayani mai ɗauke da ainihin sunan ciwon kamar yadda gwajin tsoka ya nuna, da matakin da yake lokacin da aka gano shi, da ranar tiyata da abin da aka cire, da sunayen magungunan kemo da adadin zagayen da aka yi, da ɓangaren jikin da aka gasa. A ƙasan wannan kuma ya rubuta irin gwajin da za a riƙa yi da tazarar da ke tsakani. Wannan takarda ita ce za ta yi magana a madadinku ranar da kuka tarar da sabon likita a ɗakin duba marasa lafiya.

Jadawalin yakan bambanta bisa irin ciwon, kuma sanin naku yana rage tsoro da ɓarnar kuɗi. Macen da aka yi wa maganin ciwon dajin nono tun bai yaɗu ba, yawanci likita yakan duba ta da hannu duk wata 3 zuwa 6 a shekaru ukun farko, sannan duk wata 6 zuwa 12 har shekara ta biyar, daga nan kuma sau ɗaya a shekara, tare da hoton nono na mamogiram duk shekara. Mata da yawa sukan yi mamaki, wasu har su ji kamar an yi sakaci da su, idan ba a tura su CT, wato hoton da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, ko hoton ƙashi ba. Gaskiyar ita ce manyan ƙa'idojin likitocin daji ba su yarda a riƙa yin waɗannan hotuna a kai a kai ga wadda ba ta da wata alama ba, domin an gwada an ga ba sa ƙara tsawon rai, sai dai su tono 'yan tabbai marasa illa da za su jawo ƙarin gwaji da tashin hankali.

Ciwon dajin babban hanji kuwa lissafinsa daban ne, domin idan ya dawo a hanta ko a huhu aka gano shi da wuri, sau da yawa ana iya yanke shi a sake samun waraka. Shi ya sa ake auna sinadarin CEA a jini duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyun farko, a ɗauki CT na ƙirji da ciki duk wata 6 zuwa 12, a kuma leƙa hanjin da kyamara bayan shekara ɗaya da tiyata. Namijin da aka yi wa maganin dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara, gwajin jini na PSA ne jagoransa, hoto sai ya biyo baya idan lambar ta fara hawa. Wadda ta yi dajin bakin mahaifa, duba na likita duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyun farko shi ne ginshiƙi.

Yawancin ire-iren wannan ciwo, idan za su dawo, a shekaru biyu zuwa uku na farko suke dawowa, shi ya sa tazarar ke matsewa da farko sannan ta buɗe. Dajin nono mai amsa sinadarin mata shi ne ya fita daban, don yana iya dawowa ko bayan shekara goma, kuma dalilin ke nan da ake ba da ƙwayar tamoxifen ko 'yan uwanta har shekara 5 zuwa 10.

Mataki na biyu: jakar takardu

Wannan shi ne matakin da na fi son a ɗauka da muhimmanci, domin ba ya cin kuɗi sosai, amma rashinsa yana cin kuɗi mai yawa. Ku sami jaka guda mai ƙarfi wadda ruwa ba ya ratsawa, ku keɓe ta ga wannan aiki kaɗai. A ciki a jera sakamakon gwajin tsoka, da bayanin tiyata, da rahoton kowane hoto bisa jerin kwanan wata, da sakamakon gwajin jini. Fim ɗin hoto ba a naɗe shi, ba a barinsa a cikin mota da rana ko a ƙarƙashin katifa inda danshin damina zai manne shi da ɗan uwansa. A bar shi a shimfiɗe cikin ambulan ɗinsa, a rubuta ranar da ɓangaren jikin a bayan ambulan ɗin da babban rubutu.

Duk lokacin da aka yi muku CT ko MRI ko PET, manyan hotunan da bayaninsu zai zo a mataki na huɗu, ku nemi a saka muku hotunan a faifai ko a filas, ko da za a biya wani ɗan kuɗi a kai. Abin da ake bugawa a fim zaɓaɓɓun yanka ne kawai daga cikin ɗaruruwa, alhali kuwa a faifai likitan hoto yana iya bin jikin yanka-yanka, ya auna ƙulli da ma'auni, ya jera na bara da na bana a allo ɗaya. Hoton fim da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ba ya wadatarwa ga wannan aiki. Takardun rubutu kuwa wayar ta isa: a ɗauki hoton kowace takarda a ranar da aka karɓe ta, a tura wa wani amintacce ko a ajiye a imel, saboda waya ma tana faɗuwa.

Amfanin wannan wahala yakan fito ne a rana guda. A ce an ga ɗan ƙulli mai milimita 5 a huhu. Idan babu tsohon hoto, dole likita ya rubuta cewa ba a san ko mene ne ba, ya ce a sake hoto bayan wata uku, ku kuma ku shafe wata ukun cikin zullumi. Idan kuwa faifan shekara biyu da suka wuce yana hannu, aka ga ƙullin yana nan tun lokacin bai ƙaru ba, to mafi yawanci maganar ta ƙare a zaman. A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, irin Nijeriya da Nijar, tabon tsohon tari a huhu abu ne da ake yawan gani, wani lokaci ma ga wanda bai taɓa sanin ya kamu ba. Don haka kowane zuwa hoto, a tafi da na baya a miƙa wa ma'aikata, a kuma ce musu a fili ana so a kwatanta. Idan da hali, a lizimci cibiya ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urori da sinadaran awo suna ɗan bambanta, kuma wannan ɗan bambanci yana iya kama da hawa ko sauka alhali babu abin da ya sauya a jiki.

Mataki na uku: kuɗi da tafiya da zaɓen rana

Hoton bibiya kuɗi ne da aka san ranar zuwansa, saboda haka ya fi sauƙin tanadi a kan kuɗin gaggawa. Da zarar an gama na wannan zagaye, a tambayi farashin na gaba, har da kuɗin allurar rini mai sa gaɓoɓi su fito sarai a hoto, da gwajin ƙoda da mota da masauki, a raba shi bisa watannin da suka rage, a riƙa ajiyewa ko a shiga adashi a nemi kwasar da ta dace da watan. Wanda ke da inshorar lafiya a ƙarƙashin hukumar NHIA ko ta jiharsa ya fara neman lambar amincewa da makonni, domin takan ɗauki lokaci. Akwai kuma asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayyar Nijeriya, wanda ya fara aiki a 2021 a wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na tarayya da ke Gombe, da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, yana taimaka wa marasa ƙarfi masu dajin nono da na bakin mahaifa da na furostet. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ne zai faɗa muku abin da yake ɗauka. Idan kuɗi ya gaza, kada kunya ta sa a ɓace daga asibiti. A gaya wa likita gaskiya, domin sau da yawa yana iya cewa wannan karon sikanin ciki da eksiren ƙirji za su riƙe, a ajiye CT zuwa zagaye na gaba, kuma hakan ya fi rashin zuwa nesa ba kusa ba.

Kafin a kama hanya daga Gashuwa ko Yawuri ko Maraɗi, a buga waya a tabbatar na'urar tana aiki, akwai ruwan rini, kuma ba a yajin aiki. A tsara ranar hoton ta riga ranar ganin likita da kamar mako ɗaya zuwa kwana goma, yadda rahoto zai fito amma jiran ba zai yi tsawo ba. Mace mai son a sami ma'aikaciya mace ta faɗa tun ranar karɓar lokaci.

Game da azumin Ramadan, abin da ya fi sauƙi shi ne a matsar da hoton da 'yan makonni gaba ko baya idan likita ya ga babu laifi. Idan ba zai jinkirtu ba, a sani cewa wasu hotunan ciki ana shan ruwan rini kafin a yi su, kuma bayan allurar rini ana son shan ruwa sosai, ga shi kuwa Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwamen ya sha ya rama. A tambayi malamin da aka amince da shi tun kafin ranar, don kada a je gaban na'ura ana kokwanto.

Mataki na huɗu: shirin kowane irin hoto

CT yana aiki ne da hasken eksire, kuma ɗaukar kanta ba ta wuce 'yan mintoci. Yawanci akan yi allurar rini mai sinadarin aidin ta jijiya don gaɓoɓi su fito sarai, kuma da yake ƙoda ce ke tace shi, akan buƙaci gwajin ƙoda na kwanan nan. Lokacin da rinin ke shiga, mutum yakan ji ɗumi ya ratsa shi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani ma ya ji kamar fitsari ya kuɓuce masa; bai kuɓuce ba, kuma jin yana wucewa cikin minti ɗaya ko biyu. Dole a sanar da ma'aikata idan an taɓa samun ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi bayan irin wannan allura, ko ana da asma, ko ciwon ƙoda, ko ana shan metformin na ciwon suga, domin wani lokaci akan dakatar da shi na awa 48 bayan hoton. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata ta nuna ɗaya hannun a sa kanula idan zai yiwu.

MRI ba shi da hasken eksire ko kaɗan. Maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi, kuma haɗarinsa yana wajen ƙarfe. A cire sarƙa da 'yan kunne da awarwaro da fil ɗin hijabi da agogo da makulli da katin banki, a kuma je ba kwalli, domin wasu kwallin suna da ɓurɓushin ƙarfe. Wanda ke da na'urar bugun zuciya, ko ƙarfe a ƙashi, ko harsashi ko tsinken ƙarfe da ya taɓa shiga jikinsa, musamman ido, ya faɗa kafin ya taka ƙofar ɗakin. Ana shafe minti 20 zuwa awa ɗaya a cikin rami mai matsi da ƙara kamar ta maƙera. Mai tsoron matsatsin wuri ya faɗa tun da wuri don a ba shi abin toshe kunne ko ɗan maganin kwantar da hankali. Rufe ido tun kafin gadon ya shiga ciki, da riƙe wani zikiri ko addu'a a zuci ba tare da motsa kai ba, yana taimakon mutane da yawa.

PET kuwa ana yin allurar wani suga ne mai ɗan haske na nukiliya, saboda ƙwayoyin daji sun fi sauran jiki zarin suga. Ba a cin komai awa 4 zuwa 6 kafin a yi shi, ruwa zalla kawai, ba a aikin ƙarfi kwana ɗaya kafin ranar, kuma bayan allurar ana kwanciya shiru kamar awa ɗaya. Hasken yana raguwa da rabi duk bayan minti 110, amma duk da haka akan ce a nisanci jarirai da masu ciki na 'yan awoyi. Mai ciwon suga yana buƙatar shiri na musamman da cibiyar. Wannan na'ura ba ta yawaita a yankinmu ba, kuma akwai masu sayar da gona don zuwa Masar ko Indiya su yi ta bisa zaton ita ce mai faɗin gaskiyar ƙarshe. Ina ganin bai kamata a yi haka ba sai likitan da ke bibiya ne ya nema, domin duk inda akwai kumburi ko ƙwayar cuta, kamar tarin fuka ko wurin da aka yi tiyata ko gashi kwanan nan, shi ma yana haskawa kamar daji.

Sauran ba su da wuya. Ranar mamogiram ba a shafa hoda ko turaren hammata, don ɓurɓushinsu yana fitowa a hoto kamar ɗigon ciwo. Sikanin hanta yana son ciki ba abinci na awa 6 zuwa 8, na mara kuma yana son mafitsara a cike. Hoton ƙashi ana allura ne a jira awa 2 zuwa 4 ana shan ruwa. A kowane hali, mace mai ciki ko mai zaton ciki ta faɗa kafin a fara.

Mutane sukan tambaya ko yawan hoto ba zai jawo wani dajin ba. Matsakaicin hasken da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama ya kai kimanin milisibat 2.4 a shekara, milisibat kuwa shi ne ma'aunin irin wannan haske. Mamogiram kimanin 0.4 ne, CT na ciki kuwa yana kusa da 8 zuwa 10, wato kwatankwacin na shekara uku zuwa huɗu. Haɗarin kaɗan ne idan aka auna da amfanin hoton da ke da dalili, amma yana taruwa, musamman ga yara da matasa, kuma wannan ma hujja ce ta ƙin yin hoto don kawai zuciya ta ƙi kwanciya.

Mataki na biyar: kwanakin jira

Mako ɗaya ko biyu kafin ranar hoto, mutane da yawa sukan rasa barci, abinci ya fita ransu, su riƙa faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba, kowane ɗan ciwon baya kuma ya zama musu shaidar cewa ciwon ya dawo. Wani ma warin asibiti kaɗai yakan tayar masa da tashin zuciyar kemo. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma masu cewa ai wanda ya yi tawakkali ba ya tsoro suna ƙara wa mutum nauyi ne a kan nauyinsa. Jiki ne ke tuna abin da ya sha, kuma mai tawakkali shi ne wanda ya ɗaure raƙuminsa, ya je hoton da ƙafarsa duk da zuciyarsa na dukan uku-uku.

Abin da ke taimakawa shi ne rage abin da ba a sani ba. Tun a ranar hoto a tambaya: yaushe rahoto zai fito, wa zai karɓa, wa zai yi bayaninsa? A yanke shawara tun da sanyin rai ko za a buɗe ambulan ɗin kafin ganin likita ko a'a, a kuma tsaya a kan shawarar. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za a gaya wa ranar, waɗanda suka iya saurare ba tare da kawo labarin wane da ya rasu ba, don kada waya ta dami mutum da tambayar me aka ce alhali ba a ce komai ba tukuna. A cika kwanakin da aikin da ke buƙatar hannu da hankali, kasuwa ko gona ko ɗinki ko karatu, a yi tafiyar ƙafa da yamma, a kuma rage shayi mai kauri da goro bayan la'asar. Idan tunani ya taso da dare, jan numfashi a hankali da fitar da shi a tsawon da ya fi na shigarsa yana saukar da bugun zuciya. Neman ma'anar kalmomin likita a intanet da tsakar dare kuwa kusan kullum mafi munin fassara yake kawowa.

Ga miji ko mata ko ɗa mai rakiya, abin da ake so daga gare ku kaɗan ne: ku riƙe ranar a ranku, ku ɗauke wasu hidimomin gida a makon, ku raka shi, ku guji cewa ai babu komai, domin ba ku sani ba, shi ma ya san ba ku sani ba. Cewa ina tare da kai duk abin da aka ce ya fi masa amfani.

Idan kuwa damuwar ta wuce mako biyu tana hana barci da aiki, ko ta kai mutum ga ƙin zuwa asibiti, ko ga tunanin gara mutuwa, to ta zama abin magani ita ma. A gaya wa likita, domin asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Mataki na shida: karɓar sakamako

A je da abokin rakiya da biro da takarda, domin kunnen mai tsoro ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa. Rahoton da Turanci ake rubuta shi, a Nijar kuma da Faransanci, kuma likitan hoto yana lissafa duk abin da idonsa ya gani, har da ruwan ƙulli a ƙoda, da kitse a hanta, da zaizayewar ƙashin baya na shekaru, waɗanda ake samu a jikin mutane masu lafiya da yawa. Tsawon rahoto ba ya nuna munin hali. Taƙaitawar da ke ƙasa ita ce abin dubawa, kuma ita ma sai an haɗa ta da gwajin jini da abin da likita ya ji da hannunsa.

Sakamako yakan faɗa ɗaya daga cikin gida uku. Ko dai ba a ga alamar ciwo ba, ko an ga abin da ba a tabbatar ba, ko an ga abin da ke nuna ya dawo. Na tsakiyan shi ne ya fi yawan wahalar da mutane, kuma yawanci maganinsa sake hoto ne bayan wata uku ko wani irin hoto daban. Jinkirin dabara ce, domin lokaci ne ke bambanta tabo da abin da ke girma. Ga wanda ake bibiyar ƙullin da bai tafi duka ba, likitoci ba sa kiran abu ƙaruwa sai jimillar awon ta hau da kashi 20 cikin 100, ba sa kiransa raguwa sai ta sauka da kashi 30, saboda haka bambancin milimita ɗaya ko biyu yana iya zama na hannun mai awo ne kawai. Haka lambar jini guda ɗaya da ta ɗan hau: shan taba yana ɗaga CEA, kuma akan maimaita gwajin kafin a yanke hukunci. A gaya wa likita duk wani sassaƙe ko jiƙo ko maganin ƙarin kuzari da ake sha, don wasunsu suna taɓa hanta da ƙoda su rikita sakamako.

Idan an ce ya dawo, a tambayi a ina, wuri ɗaya ne ko da yawa, ko za a ɗauki tsoka don tabbatarwa, da abin da ake nufi da maganin da za a ba da, waraka ko riƙe ciwon. Ba dole ne a yanke shawara a zaman ba, kuma neman ra'ayin likita na biyu haƙƙi ne, wanda jakar takardunku za ta sauƙaƙa.

Mataki na bakwai: tsakanin hoto da hoto

Sau da yawa mutum ne da kansa yake fara jin alamar dawowar ciwo kafin ranar hotonsa ta zo, don haka sakamako mai kyau na watan jiya ba dalilin yin shiru ba ne. Sabon ƙulli, ko ciwon ƙashi da ke tsananta da dare, ko tarin da ya ƙi tafiya, ko rama ba dalili, ko sauyin bayan gida, duk abin da ya kai mako biyu bai lafa ba, a nemi a matso da ranar ganin likita maimakon a yi ta sayen maganin zazzaɓi da na taifod a kemis. Mai shan tamoxifen da ta ga jini ba lokacinsa ba, ko bayan al'ada ta ɗauke, ta sanar da wuri. Wasu alamun kuwa ba sa kwana: ciwon baya tare da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, tarin jini, sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, matsanancin ciwon kai da amai, farfaɗiya, ko ido ya yi rawaya. Waɗannan a tafi sashen gaggawa a ranar, da jakar a hannu.

Idan shekara biyar ta cika lafiya, yawanci akan buɗe tazarar zuwa sau ɗaya a shekara, wasu ma a sallame su daga asibitin daji. Wasu sukan ji kamar an janye musu tsani a ranar, don sun saba da idon likita a kansu. Kafin a fita, a tambayi wane gwaji ne zai ci gaba har abada, kamar mamogiram ko leƙen hanji, a tambayi ko zuciya tana buƙatar dubawa ga wanda ya karɓi doxorubicin, jan maganin nan na kemo, ko aka gasa masa ƙirji, da ko ƙashi yana buƙatar awo ga mai shan letrozole ko anastrozole, 'yan uwan tamoxifen. A tambaya kuma ko 'ya'ya da 'yan uwa na jini ya kamata su fara nasu gwajin da wuri, a karɓi lambar da za a kira idan wani abu ya taso, a rubuta ta a bangon jakar daga ciki.